Falwaya Uku Kowace Rana

Wata ranar Litinin ce, cikin daminar shekarar da aka yi ƙidaya, wajen ƙarfe huɗu da rabi. Ina bakin ƙofa ina zubar da ruwan wanke ƙoƙuna, sai ga Malam Mordecai ya wuce ni fuu da gudu. Ko sannu bai ce ba. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da tumbinsa, da rigar safari, da takalmin ofis, ga jaka a hammata, yana haki kamar akuyar da aka ɗauro a bayan babur. Na tsaya da baho a hannu ina kallon ƙeyarsa har ya ɓace min.

Ni sunana Alisabatu, amma a unguwarmu Dogarawa in ka ce Alisabatu ba wanda zai nuna maka gidana, sai ka ce Maman Henry mai burkutu. Shekara ashirin da biyu ke nan ina dafa giya a tsakar gidan nan, tun rasuwar mijina, kuma da ita na sa yara huɗu a makaranta. Na faɗa tun yanzu ne don kada wani ya gyara zama zai yi min wa'azi. Na sha wa'azi a coci har na ƙoshi.

A cikin shekarun nan, goma sha bakwai Mordecai ya yi su a kan bencina. Aikinsa a gonar gwaji ne can Samaru, inda ake biyan ƙato da gemunsa ya bi layin masara yana auna tsayinta da sanda yana rubutawa a littafi. Ni har yau ban gane amfanin wannan ba, amma dai aiki ne. In an tashi ya hau bas, ya sauka a Kwangila, ya shigo layinmu. Gidansa na can ƙarshen layin a bakin rafi, hanyar kuma ɗaya ce tal, ta ƙofata ta bi. Bai taɓa wuce ƙofar nan bai shigo ba. Sai a farkon damina ya ɓace mana sati uku, aka ce yana kwance a asibitin Shika. Na yi niyyar zuwa dubiya, sai na tuna matarsa Martina za ta kasance a bakin gadon, na fasa. Ni da ita ba ma ga maciji.

To, wannan mutumin ne ya dawo ya wuce ni, ko kallo ban ishe shi ba.

Na koma ciki raina a ɓace. Baba Sati na zaune a rumfa, tsohon ma'aikacin reluwe ne, tun da ya yi ritaya bencina ya zama ofishinsa. Ya leƙa ta katanga ya ga abin da na gani.

"Maman Henry, wancan ba Mordecai ba ne?"

"Shi ne."

"Allah sarki. Bayan gida ne ya matse shi. Maganin asibiti haka yake."

Na yarda da wannan, don ba ni da wani bayani. Washegari ƙarfe huɗu da rabi sai ga shi kuma, fuu. Ranar Laraba haka. Ranar Lahadi ma, da ba aiki, muka gan shi ya fita da ƙafa wajen Kwangila, can anjima ya dawo a guje. Na ce wa Sati, "Wane irin bayan gida ne wannan mai agogo?"

Mu dai a Zariya in ka ga mutum yana gudu a titi ba gaira ba dalili, to kurtun soja ne, ko ɗaliban jami'a masu gajeren wando. Magidanci ba ya gudu. Saboda haka kowa a rumfata ya kawo nasa fassarar. Wani ya ce sabon coci ya shiga, irin masu hana mutum zama. Uzoma mai kemis na bakin layi ya ce allurar da aka yi masa ce ta hau kansa. Sati kuwa ya ce ko ma mene ne ba zai kai sati ba, zai dawo ya zauna a wurinsa. Da sati ya cika ya ce biyu yake nufi.

Ni abin ya hana ni sukuni. Ina tace giya ina tunani, ina shanya tsiron dawa ina tunani. Ban iya ganin abu a ƙofar gidana kullum ban san kansa ba, haka Allah ya yi ni. Ranar da aka kwana goma sha biyu na ɗauki wani tsohon zani, na ƙara masa yaga da hannuna, na nufi ƙarshen layi. Martina tela ce, kekenta a zaure yake.

Na yi sallama. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, ƙafarta ba ta daina taka keke ba.

"Na kawo ɗinki ne, Maman Hephzibah."

"Teloli sun ƙare a Dogarawa?"

"Na kuma zo gaishe da mai jiki."

Sai ta tsayar da keken. Ta ce, "Tunda kin zo, zauna ki ji. Jini ya yi amai, Maman Henry. Cikin bahon wankina, har ya rufe gindin bahon, a gaban yara. Likita ya ce hantarsa ta kai inda ta kai. Ya ce in ya sake sha, ƙoƙo ɗaya zai jawo na biyu, kuma ba ya yi mana alkawarin za su iya tsayar da jinin karo na gaba. Ni kuma na gaya masa, ranar da ya sake shigo min gida da warin tukunyarki, zan kwashe yarana in koma Zonkwa. Ba zan zauna in wanke gawarsa ba."

Jikina ya yi sanyi, amma bakina bai yi ba. Na ce, "Ni dai ban taɓa ɗura wa kowa ba. Da ƙafarsa yake zuwa."

"Haka ne," in ji ta. "Ba ki taɓa ɗura wa kowa ba."

Yadda ta faɗe shi ya fi zagi ciwo. Na haɗiye, don ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Na ce, "To gudun fa? Likitan ne ya rubuta masa?"

"Ki tambaye shi mana. Ba kun fi kusa ba?"

Ta karɓi zanen ta duba yagar, ta ce wannan ai hannu ne ya yaga. Ta ɗinke shi duk da haka.

Yaya za a yi ka tambayi mutumin da ba ya tsayawa? Sau biyu ina tare shi a hanya ina kiran sunansa, yana kauce min kamar ramin kwata. Na haƙura na zuba ido. Na lura ya yar da takalmin ofis ya sayi kambas na gwanjo, ya koma sa wata rigar ƙwallo mai lamba tara a baya. Na kuma lura da wani abu da ya ƙara ɗaure min kai: kullum lokacin wucewarsa yana ƙara ja baya. Da huɗu da rabi ne, ya koma biyar saura kwata, ya koma biyar. Sati ya ce gajiya ce, ƙarshen abin ya zo. Amma ni na ga ba mai gajiya ba ne, don hakin ma ya ragu.

Allah ya haɗa mu a bas. Na je kasuwar Samaru sayen dawa, na shiga motar Sabon Gari da buhuna biyu a ƙarƙashin kujera, ɗalibai sun cika ta suna ta surutunsu rabi Hausa rabi Turanci. Muna zuwa wajen gonar gwaji aka tsaya, sai ga mai lamba tara ya shigo. Wuri ɗaya ne ya rage, kusa da ni. Ya gan ni, ya dubi ƙofa, kwandasta ya riga ya rufe.

Na ce, "Yau sai ka faɗa ta taga. Zauna."

Ya zauna yana dariyar kunya. Ya rame, wuyansa ya fito, amma idonsa ya yi fari tas. Ban taɓa sanin idon Mordecai fari ba ne. Ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi yara.

"Ashe ka iya gaisuwa."

"Ki yi haƙuri, Maman Henry. In na tsaya gaishe ki, na tsaya ke nan."

"To gaya min. Mene ne wannan gudun?"

Ya gyara jakarsa a cinya. Sannan ya ce, "Ranar da na fara komawa aiki, na sauka a Kwangila da niyyar in wuce gida kai tsaye. Wallahi da niyya. Na shigo layi ina addu'a. Ina zuwa daidai shagon Uzoma iska ta kawo min ƙamshin tukunyarki, kafin in ankara na ga ƙafafuna sun karkata hagu da kansu, ba su tambaye ni ba. Tsoro ya kama ni, na zura da gudu. Da na isa gida na zube a ƙofa, minti goma cur ba abin da nake so a duniya sai iska. Giyar ma ban tuna da ita ba. Shekara goma sha bakwai ban taɓa samun minti goma irin waɗannan da yamma ba."

"Shi ke nan?"

"Washegari sai na ce bari in ga ko goman nan za su zama ashirin. Na sauka kafin Kwangila, na ƙara falwaya uku."

"Falwayar NEPA?"

"Ita. Daga Kwangila zuwa gidana ashirin da ɗaya ce. Daga ƙofar gonarmu zuwa gida ɗari biyu da talatin da ɗaya, na ƙirga sau biyu. Kowace rana ina ƙara uku, ba fashi, har Lahadi. Yau kwana talatin da ɗaya, falwaya ɗari da goma sha ɗaya."

Na ce, "Kai, Yesu! Wato masarar ba ta ishe ka ba, ka koma auna titi." Ya yi dariya, ni ma na yi. Na tambaye shi ko likita ya san da wannan hauka, ya ce ya sani, ya ce a yi a hankali, kuma ai na gani da idona ba wani sauri yake yi ba. Na ce to in ya tsallake rana ɗaya fa, in ruwa ya tsuge ko zazzaɓi ya kama shi?

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Na san kaina. In na tsallake ɗaya, ta biyu ba za ta yi wuya ba. Daga nan sai bencinki."

"In ka kai ɗari biyu da talatin da ɗayan fa? Sai me?"

"Ban sani ba tukuna. So nake in je in gani."

Mun wuce Zango kaɗan, a wani wuri da ba tasha ba gida ba inuwa, sai ya buga jikin mota ya ce, "Akwai!" Kwandasta ko mamaki bai yi ba, ya ce, "Baba mai falwaya, yau nan ne?" Mordecai ya sauka, ya zaro wani guntun jan fenti irin wanda suke sa wa alamar gona, ya ɗiga a jikin falwayar, ya gyara jakarsa a baya, ya kama gudu. Na juya ina kallonsa ta gilashin baya har wuyana ya yi ciwo. Muka bar shi. Muka tsaya ɗaukar fasinja a Palladan, har aka gama cinikin wani mai kwandon tumatir, can na hango lamba tara tafe, a hankali a hankali, kansa a sunkuye, leɓensa na motsi. Ƙirgawa yake yi.

Tun daga ranar abin ya shiga raina. Ni da ban iya haɗa lissafin makaranta ba, na zama kullum da safe sai na ce yau ɗari da ashirin, yau ɗari da ashirin da uku. In biyar ta wuce sai in ga na bar abin da nake yi na fito bakin ƙofa. A kwana na talatin da shida ya ɗaga min hannu yana wucewa, bai juyo da kai ba, hannun kawai. Na ji daɗi kamar wata yarinya, har na ji haushin kaina. Na fara rufe randa da faifai da jiƙaƙƙen tsumma in lokacinsa ya gabato, don ƙamshin ya ragu. Sati ya gani ya ce, "Maman Henry, yau kuma giyar ce ke jin sanyi?" Na ce ƙuda nake kora, ya sha abinsa ya rufe min baki. Shi ma ai ya daina cewa Mordecai zai dawo, ya koma duba tsohon agogonsa na reluwe yana cewa jiya ya fi yau sauri da minti biyu.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da sana'armu. Duk wanda ya shigo gidan burkutu ya zauna a benci, kafin ya buɗe baki ana miƙa masa ɗanɗano, wato ɗan ƙaramin ƙoƙo ya ji ko giyar yau ta yi. Ba a tambayarsa, shi ma ba ya roƙo. Kuma abin da ka miƙa wa baƙo ba ka karɓe shi. Tsofaffin da suka koya min sun ce macen da ta ƙwace ƙoƙo daga hannun mai sha, tukunyarta ta gaba tsami za ta yi. Ni na miƙa ɗanɗano ya fi sau dubu nawa, hannuna ya san aikin fiye da kaina.

Kwana na hamsin da uku ranar Alhamis ce. An tafka ruwa da azahar, layinmu ya zama taɓo, ƴan acaɓa ma a bakin titi suke sauke mutane su juya. Ranar kuma sabuwar giya ta nuna, ta yi kyau ƙwarai, tana kumfa tana tsuwa a randa, rumfa ta cika maƙil. Biyar da rabi ta yi, babu Mordecai. Sati ya duba agogo. Shida saura kwata, shiru. Na fita na dawo, na fita na dawo, har wani ya tambaye ni ko baƙo nake jira.

Can sai na hango shi daga wajen shagon Uzoma. Tafiya yake yi. Ya dogara da wani karan dawa, wandonsa duk taɓo, ƙafarsa ta dama ba takalmi, idon sawun ya kumbura ya yi suntum. Taku ɗaya, ya tsaya. Taku ɗaya, ya tsaya. Ga iska tana kaɗawa daga gidana zuwa wajensa, ga randa a buɗe don mutane sun yi yawa ban samu rufewa ba.

Ya ɗauki kusan minti goma kafin ya iso ƙofata. Na ce, "Me ya same ka?" Ya ce wata tanka ce ta matse shi a Hanwa, ya kauce ya zurma kwata. Ɗan acaɓa ya kawo shi bakin layi ya ce ba zai shiga taɓo ba. Yana magana idonsa ba a kaina yake ba, yana kan rumfa. Gumi na zubo masa ko'ina.

"Bari in ɗan huta," in ji shi. "Minti ɗaya. Ƙafar ba za ta kai ni ba."

Me zan ce? In hana gurgu wurin zama? Mutane suka matsa masa, ya zauna a bakin benci, daidai inda ya saba zama. Na ce a raina bari in samo masa ruwa, sai na tuna duk ƙoƙon da ke gidana warin giya yake, sai dai in shiga ɗaki in ɗauko kofin shayina. Ina cikin wannan tunani wasu mutum uku suka shigo suka zauna kusa da shi suna kiran Maman Henry, Maman Henry. Na ɗauki ludayi na ɗebo, na bi benci ina miƙawa, ina amsa gaisuwa, ina yi wa wani faɗa ya ɗauke ƙafarsa daga hanya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Na juya na yi taku biyu kafin in ji rumfar ta yi tsit. Mutum uku suka shigo. Huɗu na miƙa.

Na waiwaya. Ƙoƙon na hannun Mordecai, ya riƙe shi da hannu biyu. Kallon kumfar kawai yake yi, hancinsa na buɗewa yana rufewa. Ba wanda ya motsa. Sati ma da bakinsa ba ya mutuwa ya sunkuyar da kai. Na ga ƙoƙon ya taso daga cinyarsa, ya zo ƙirji, ya zo gemu.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Da ludayin da ke hannuna na doke ƙoƙon, ya yi sama, giyar ta wanke masa riga tun daga wuya har wando.

"Alisabatu!" in ji Sati. "A gidan giya? Daga hannun baƙo? Tukunyarki fa!"

Na ce, "Ta yi tsami! Ta zama ruwan batir in ta ga dama! Baba Sati, in ka ƙara magana kai ma zan wanke ka." Tsoro ne ya cika ni, da kunya, don ni ce na tsaya a zauren Martina na ce ban taɓa ɗura wa kowa ba.

Mordecai ya dubi hannunsa da ba komai, sai hawaye. Ya ce, "Da kin bar ni. Ai lissafin ya riga ya karye. Falwaya ɗari da talatin na yi na faɗi, sauran a kan babur na zo. Yau ban kai ba, gobe ba zan iya ba, jibi ma haka. Ya karye, Maman Henry."

"Wa ya karya shi? Ka isa gida ne? Tashi."

"Ƙafar..."

"Kana da wata. Tashi na ce!"

Na ɗaure zanena a ƙugu, na cire silifa, na ɗora hannunsa a kafaɗata na finciko shi daga bencin. Muka fita. Na ce masa ba tafiya za mu yi ba, gudu za mu yi, ya ɗaga mai ciwon ya yi tsalle da ɗayar. Ya ce ba zai iya ba, na ce ƙirga falwayarka ka bar ni da sauran.

Ku dai ku yi tunanin abin. Mace mai shekara hamsin da shida, da jikina da ba ƙarami ba, da gwiwoyin da tun haihuwar autana ba su yi gudu ba, ina jan ƙato yana tsallen ƙafa ɗaya cikin taɓo. Mata suka fito ƙofa suna salati, wasu na dariya har da riƙe ciki. Ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ba. Shi kuma a kunnena yana cewa, "Ɗaya... biyu..." Sau biyu muka kusa kifewa. A ta shida ƙirjina ya kama wuta, na gane minti goman da ya ba ni labari a bas, don a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Daga ƙofata zuwa tasa falwaya tara ce.

Martina na zaure a kan keke. Ta ɗago ta gan mu, sai a lokacin na ga abin da take gani: mijinta yana tangaɗi, rataye a kafaɗar mai burkutu, jiƙe da giya, warin ya riga mu shiga gidan. Ba ta yi ihu ba. Ta miƙe a hankali ta shiga ɗaki, muka ji ana jan abu, ta fito da babbar jakar Gana ta ajiye a tsakar zaure, ta buɗe zif.

"Maman Hephzibah, tsaya ki ji," na ce, ina neman numfashi. "Bai sha ba."

"Ke ce shaidar?"

"Ni na miƙa masa. Da hannuna, ban ma sani ba. Ni kuma na zubar. Ki zage ni, na cancanta, amma ko leɓensa bai taɓa ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kwaso kayan yara daga kan igiya tana cusawa a jaka. Kuma gaskiyarta, wa zai yarda da ni? Mordecai ya sake ni ya jingina da bango. Ya ce, "Martina, na kai shi har gemu. Ba zan ɓoye miki ba. Da ba ta doke ba da na sha. Amma ban sha ba. Zo ki ji."

Ta tsaya da rigar yaro a hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta tako, ta kama kunnuwansa biyu, ta jawo fuskarsa daf da tata.

"Hura."

Ya hura.

"Buɗe bakin sosai. Sake."

Ya sake. Ta rufe ido ta shaƙa, ta kuma shaƙa. Ni ina gefe na dafe gwiwa ina addu'ar da na daɗe ban yi irinta ba. Ta sake kunnuwan, ta ja da baya, ta zauna daɓas a kan jakar.

"Bai sha ba," in ji ta. Ba da ni take ba, ba da shi ba. "Bai sha ba." Sai ta fashe da kuka, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Ni ma na ji nawa na zuwa, na hau goge fuska da bakin zani kamar gumi ne.

Da ta ɗan lafa na ce, "Ƙafar nan za ta yi sati. Gobe zan jira shi a bakin layi in rako shi."

Ta dube ni, taɓo har gwiwa, kai ba ɗankwali. Ta ce, "Ni zan jira shi. Ke ki zauna a gidanki ki riƙe hannunki." Na ce to. Ta turo min kujerar kekenta da ƙafa ta ce in zauna kafin in faɗi mata a zaure, na zauna.

Mordecai ya zame ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Ya yi gyaran murya kamar mai jin tsoron amsa.

"Martina, na yau fa? Ɗari da talatin da ƙafata, tara a kafaɗar Maman Henry, sauran a babur da karan dawa. Ya shiga lissafi?"

Ta ja hanci, ta share ido da rigar yaron da ke hannunta.

"Ya shiga," in ji ta. "Cire rigar nan ka ba ni, tana wari."